Darasin Lafiya: Ƙwaƙwalwa da Ciwon Damuwa

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ga wani a cikinmu ya daina fita, abinci ya fita masa a rai, barci ya ƙaurace masa, har ya ce rayuwa ta ishe shi. Sai mu ce ragwanci ne, ko sammu, ko ƙarancin bangaskiya. Idan wannan hali ya wuce mako 2, yana iya zama ciwon damuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da shi sun kai kimanin miliyan 280.

Yadda yake faruwa

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Akwai ɗan rata tsakanin ƙwaya da ƙwaya, sinadarai ne kuwa suke ƙetarewa da saƙo, kamar ɗan aike tsakanin gida da gida. Serotonin yana da hannu a barci, cin abinci da kwanciyar rai. Dofamin a marmari da jin daɗi. Noradirenalin kuma a kuzari. Idan wahala ta daɗe, jiki yakan yi ta fitar da kotisol, sinadarin fargaba, wanda yawansa yake gajiyar da ƙwaƙwalwa.

A da an zaci ƙarancin serotonin ne kaɗai sanadi, amma wani babban nazari na 2022 ya nuna babu tabbacin haka. Gado, mutuwar makusanci, talauci, jego, doguwar jinya da shaye-shaye duka suna iya taruwa su jawo shi.

Inda za a nemi taimako

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda yake kan hanyar Zariya kusa da Gyadi-Gyadi, cikin Tarauni, yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitin Dawanau. Ana jinya da magani da kuma tattaunawa da gwani. Magani yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an warke. Kada a daina sai da izinin likita.

Namu aikin

Sa'ad da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, mala'ika bai tsauta masa ba, abinci da ruwa ya ba shi. Mu ma mu ziyarci mai ciwo, mu saurare shi, mu yi masa addu'a, mu raka shi asibiti. Idan ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi wurin likita a ranar.