Haruffa huɗu masu rikita ɗalibin Turanci

Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ya yi hattara da kalmomi masu ƙarewa da ough, domin rubutun ɗaya ne amma furucin ya sha bamban. Cough tari ne, ana cewa "kof". Tough abu mai tauri, "taf". Dough kuwa kwaɓin fulawar burodi ne, "do".

Waɗanda ba a cika ji ba sun fi kayar da mutum. Bough babban reshen bishiya ne, "bau". Trough kwamin shayar da dabbobi, "trof". Slough ma kashi biyu ce: "slaf" saɓar maciji, "slau" fadama mai laka. A Ireland, lough tafki ne, kamar Lough Neagh.

Gara ɗalibin ya haddace kowace kalma cikin jimla, ya kuma saurari furucinta a ƙamus na waya.