Amsoshin Tambayoyinku: Bi ta Sahara Zuwa Libiya

Malam Garba daga Gammo, ƙaramar hukumar Kabo, ya aiko da tambaya: mene ne bambancin fasa-ƙwaurin mutane da fataucin mutane?

Malam Garba, an gode da tambaya. Masana sun ce a fasa-ƙwauri, matafiyi ne ke biyan dillali ya tsallakar da shi iyaka ba takardu. A fataucin mutane kuwa, yaudararsa ake yi ko a tilasta masa, a mayar da shi haja.

Sai dai sau da yawa fasa-ƙwauri kan rikiɗe ya zama fatauci. Daga Kano ake bi ta Damagaram zuwa Agadas, a cusa mutane a bayan Hilux, kowa rungume da jarkar ruwa, ana riƙe da sanda don kada a faɗo. A Libiya, wasu dillalan kan tsare matafiyi har sai danginsa sun turo kuɗi.

A 2013, an tsinci gawarwaki fiye da 90 a hamadar Nijar kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara. Nijar ta haramta wannan fasa-ƙwauri a 2015, amma gwamnatin sojan ƙasar ta soke dokar a 2023.

Wanda aka yi wa tayin aikin waje mai shakku, ya fara tuntuɓar ofishin hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, NAPTIP, da ke Kano.