Gargaɗi ga ɗan Rano ko Kibiya mai shirin aikin sa kai a Malabo

Yaro, zauna ka ji. Tun 1987 gwamnatin Najeriya take tura malamai, likitoci, ma'aikatan jinya da injiniyoyi aikin sa kai na shekara biyu a ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik, a ƙarƙashin shirin TAC. Ikwatoriyal Gini na cikin ƙasashen da suka karɓi 'yan shirin, kuma Sifaniyanci ake yi a ofisoshinta da makarantunta da shingayen 'yan sandanta. In rabo ya kai ka Malabo ko Bata, aikin kansa ba zai gagare ka ba. Wanda ya riƙe aji cike maƙil a Rurum ko Tarai ya san wahala. Abin da ke kayar da mutum shi ne bayan an tashi aiki, daga la'asar zuwa tsakar dare, da Asabar da Lahadi, lokacin da babu uba, babu yaya, babu dattijon da zai ce maka "ɗan wane, ina zuwa?" Duk Sifaniyancin da za ka iya, a waɗannan awanni za ka koye shi, haka ma duk sunan da za ka ɓata.

Abin da za ka yi

1. Ka yi allurar shawara tun a Kano, ka adana katinta tare da fasfo. Ana neman sa a filin jirgi, kuma roƙo ba ya maye gurbinsa.

2. Ka kai sunanka ofishin jakadancin Najeriya a Malabo, ko ƙaramin ofishin da ke Bata, a makon farko. A 1975 da 1976, zamanin mulkin Macías Nguema, sai da aka kwaso dubban 'yan Najeriya leburorin gonakin koko daga tsibirin Biyoko, inda Malabo take. Ranar kwasa, wanda aka san da zamansa ake fara nema.

3. Ka riƙa yawo da takardunka, ko burodi za ka saya. Shingaye suna da yawa, kuma baƙon da ba takarda ba harshe abin tatsa ne.

4. Ka haddace gaisuwa, ƙidaya da sunayen abinci kafin ka hau jirgi. Wanda bai san ƙirga kuɗi ba, mai tasi ne ke yanka masa farashi.

5. Ka ce wa babba da mai kaki *usted*, ka bar *tú* ga yara da abokan wasa. Rashin ladabi a bakin baƙo ba a yi masa uzuri sau biyu.

6. Ka ware awa ɗaya kullum bayan magariba don karatu, da littafi da biro. Akwai cibiyar al'adun Sifaniya a Malabo, akwai kuma a Bata. Ka je ka tambayi abin da suke da shi. Manhajar waya tana taimakawa, amma ba ta gyara maka lafazi kamar yadda mai tumatir za ta gyara maka da dariya.

7. Ka je kasuwa da kanka, ka yi ciniki da bakinka. Mai aike ba ya koyon harshe.

8. Ka kalli ƙwallo da sharhin Sifaniyanci. Shekara nawa kana musun Madrid da Barcelona a gidan kallo a Rano ba ka tsinci kalma goma ba? Yanzu ka tsinta. In hira ta ƙare maka, ka tayar da wasan Abijan na Janairun 2024, da Ikwatoriyal Gini ta yi kunnen doki ɗaya da ɗaya da Najeriya. Ba za su bar ka ka yi shiru ba.

9. Ka karanta jikin gwangwani da leda kafin ka biya. In ka ga *cerdo*, *jamón* ko *chorizo*, alade ne, ka ajiye. Kifi, rogo, filanten da shinkafa sun ishe ka rayuwa.

10. Ka nemi masallaci ranar Juma'ar farko. A can za ka san inda ake yanka na halal, kuma a can za a san ka in ciwo ya kwantar da kai.

11. Ka kwana cikin gidan sauro kowane dare. Can babu rani irin namu da ke rage sauro, maleriya shekara take yi.

12. Ka sa takardun makarantarka a leda mai kauri, ka riƙa shanya tufafi da takalma. Danshin tsibirin Biyoko yana sa fumfuna ta ci kaya a cikin akwati.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka ba dillali ko kobo don ya samo maka "aikin sa kai a Sifaniya". Da yawa irin wannan alkawari a tashar Agadas yake ƙarewa, wasu a cikin teku.

2. Kada ka fake da buroka. Mutanen Malabo suna da harshen Pichi, ɗan'uwan burokar da ka sani, kuma za ka ji daɗin an fahimce ka tun ranar farko. Wannan daɗin ne zai cuce ka: shekara biyu za ta wuce kana sayen kifi lafiya lau, ba ka iya rubuta rahoton layi uku ko kare kanka gaban jami'i ba.

3. Kada ka tare a shagon Hausawa tun daga la'asar har a rufe. Ka gaishe su, ka ci tuwonsu, ka girmama manyansu, don ranar wuya su ne dangi. Amma in Hausa ka je ji, da ka yi zamanka a Kibiya.

4. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton fadar shugaban ƙasa, bariki, filin jirgi, tashar jiragen ruwa ko mai kaki. Hoto ɗaya na Facebook zai iya sa ka kwana a ofishin 'yan sanda.

5. Kada ka sa baki a siyasarsu. Teodoro Obiang yana mulki tun 1979, kuma can ba teburin mai shayi ba ne inda kake zagin gwamna ka tafi gida lafiya. Ko su suka fara, ka ce ba ka gane ba.

6. Kada ka miƙa wa kowa fasfonka ajiya ko jingina. Wanda ya riƙe maka fasfo ya riƙe maka ƙafa.

7. Kada ka kurɓi abin da ba ka san sunansa ba don kunyar mai gida. *Malamba* giyar rake ce, *topé* kuma bammi ne. Ka ce ba ka sha tun kofin farko, da murmushi, magana ta ƙare.

8. Kada ka taɓa naman daji, komai arharsa. Ban da maganar halal, a Fabrairun 2023 cutar Marburg ta ɓarke a lardin Kie-Ntem ta kashe mutane.

9. Kada ka shiga teku don ka iya iyo a Tiga. Ruwan dam ba ya jan mutum ta ƙasa kamar igiyar teku. Ka zauna kan yashin Arena Blanca ka yi kallo.

10. Kada ka mayar da 'yar mutane "malamar Sifaniyanci" a ɗakinka da dare. Ƙanjamau ya fi yawa a can fiye da nan in aka duba yawan jama'a, kuma alkawarin auren da ba ka da niyyar cikawa sai ya biyo ka har zauren gidanku.

11. Kada ka canzo sefar Maraɗi ka ce ka yi guzuri. Tasu sefar Afirka ta Tsakiya ce, irin ta Kamaru, mai shago ba zai karɓi waccan ba.

12. Kada ka cinye alawus ɗinka a gidajen abinci na ma'aikatan man fetur. Albashinsu daban, naka daban, ga kuɗin taki da na makarantar ƙannenka suna jira a gida.

13. Kada ka ɗauki aikin gefe ko ka shiga fatauci da sunan taimakon wani alhaji. Takardarka ta aikin sa kai ce, in kaya suka zama na laifi, sunanka za a rubuta.

14. Kada ka tsallaka zuwa Bata ko ka hau dutsen Basile ba tare da shugaban aikinka ya sani ba. Ka bar masa sunan wanda za ka sauka wurinsa da ranar da za ka dawo.