Gwiwar Lindsey Vonn da Gwiwar Ɗan Ƙwallon Unguwa

Ranar 5 ga Fabrairun 2013, a garin Schladming na ƙasar Ostiriya, Lindsey Vonn ta gangaro daga kan dutse a guje, ta daka tsalle, ta dira a kan ƙafar dama. Nan take gwiwa ta lanƙwashe. Da jirgi mai saukar ungulu aka ɗauke ta daga wurin. Jijiyoyi biyu sun tsinke, ƙashin ƙwauri kuma ya tsage daga sama, daidai mahaɗarsa da na cinya.

Vonn Ba'amurkiya ce, kuma a lokacin ba ta da tsara a wasan sulu kan dusar ƙanƙara, don ta riga ta ci zinare a gasar Olamfik ta 2010 a Vancouver. Wasan nasu kuwa maƙiyin gwiwa ne. Ana gangarowa da gudun da ya haura kilomita 120 a awa guda, ƙafa na cikin takalmi mai tauri da ya ɗaure idon sawu tam, takalmin kuma an maƙala shi a kan siririn allo mai tsawon fiye da mita biyu. Idan allon ya kauce, idon sawu ba shi da halin juyawa, sai duk ƙarfin murɗawar ya tare a gwiwa.

Mai wannan rubutu likitan gashin ƙashi ne, bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, amma raunin Vonn ba baƙo ba ne a ɗakin aikinsa. Ɗaya daga cikin jijiyoyin da ta rasa ita ce wadda likitoci ke kira ACL, wadda ke can tsakiyar gwiwa tana hana ƙwauri zamewa gaba. Ita ce dai ke tsinkewa idan matashi ya kafe ƙafa a filin ƙwallo ya juya da ƙarfi. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: ya ji wani abu ya ce ƙas, kafin dare gwiwa ta kumbura suntum, aka ɗauki hoton ƙashi aka ce babu karaya. Sai gida su ce ai targaɗe ne, a kai shi wurin mai ɗori a ja. To, hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai na MRI, kuma ja ba ya haɗa abin da ya tsinke. Bayan mako uku kumburi ya saɓe, ciwo ya lafa, yaro ya koma fili. Ran da gwiwar ta sake sulle masa, sau da yawa har guringuntsin da ke ciki ya yage.

Abin da ya biyo baya ga Vonn ya fi faɗuwar kanta koyar da darasi. An yi mata tiyata aka dasa mata sabuwar jijiya, ta samu kulawar da talaka ko a mafarki ba ya samu. Duk da haka, a Nuwamban shekarar ta faɗi wurin atisaye a jihar Colorado, sabuwar jijiyar ta ɗan yage. Gasar Olamfik ta Sochi na ƙaratowa, sai ta daure ta ci gaba da tsere a haka. A watan Disamba, a Val d'Isère ta Faransa, gwiwar ta ƙi ɗaukarta. Sochi ta wuce ta, aka sake shiga da ita tiyata a Janairun 2014, ba ta kuma cin tsere ba sai Disamban wannan shekara a Lake Louise ta Kanada.

Dalilin yana nan a cikin jiki. Jijiyar da ake dasawa galibi daga jikin mutum ake yanko ta, daga gaban gwiwa ko bayan cinya. A watannin farko rauni take ƙarawa kafin jini ya ratsa ta ta yi ƙwari, alhali a daidai lokacin ne ciwo ke tafiya, majiyyaci ya ga kamar ya warke. Naman cinya ma ya zube. Wani bincike da aka buga a 2016 a mujallar British Journal of Sports Medicine ya nuna cewa duk wata guda da ɗan wasa ya ƙara haƙuri, har zuwa wata tara bayan tiyata, haɗarin sake jin rauni na raguwa da kusan rabi. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar fahimtar da iyaye da masu horarwa, kuma yana ci wa mai rubutun nan tuwo a ƙwarya, domin yaran da ke dawowa karo na biyu sun fi ba shi tausayi.

Warkewa kam ana yi. Hermann Maier, ɗan wasan sulu na Ostiriya wanda ya taɓa aikin gini, mota ce ta buge shi a kan babur a Agustan 2001, saura ƙiris a yanke masa ƙafar dama. Sai a Janairun 2003 ya dawo, ya ci tsere a Kitzbühel, a 2004 kuma ya ɗauki kofin duniya. Ita ma Vonn ta yi ritaya a 2019 da nasara 82, aka sa mata ƙarfen titaniyam a wani ɓangare na gwiwar a 2024, ta dawo ta zo ta biyu a Sun Valley a Maris na 2025 tana da shekara 40.

A ɗakin gashi, kalanda kaɗai ba ta sallamar majiyyaci. Ana sa awo a zagaye cinyoyin biyu a gwada. Ana sa shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, lafiyayyar tukuna, sannan mai ciwon, a auna nisan kowacce. Idan mai ciwon ba ta kai kashi 90 cikin ɗari na 'yar'uwarta ba, amsar da yake ji ita ce: "Ɗan'uwa, da saura. Ka dawo ranar Litinin mu ci gaba."