Rawar Da Ke Magani

Ya kai mai karatu, ka san ranar gayya. Manoma sukan gaji tun kafin rana ta take tsaka, amma da makaɗi ya sa ganga sai ka ga garemani suna tashi suna sauka gaba ɗaya, kamar mutum guda ne ke riƙe da su. Kiɗan nan yana faɗa wa jiki lokacin da zai motsa, jiki kuwa sai ya bi. Likitoci sun lura da wannan abu, har suna aiki da shi ga marasa lafiya.

Akwai wata cuta da ta fi kama dattawa. Hannun mutum yakan riƙa karkarwa ko yana zaune, jikinsa ya sanƙare, takunsa ya zama ƙanana. Wani likita na birnin Landan, James Parkinson, shi ne ya bayyana ta filla-filla cikin shekarar 1817, saboda haka ake kiranta da sunansa. Asalinta cikin ƙwaƙwalwa yake. Akwai wani sinadari can da ake ce wa dofamin, wanda ke taimakon sashen da ke tafiyar da motsin da muka saba yi ba tare da tunani ba, kamar tafiya. Kadan sinadarin nan ya ragu, sai tafiya ta zama aiki. Mai cutar yakan zo bakin ƙofa ya tsaya cik, yana so ya wuce, ƙafa ta ƙi, sai ka ce an liƙe ta da danƙo.

To, ga abin mamaki. Sau da yawa in aka yi masa tafi, ko aka ƙidaya masa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, sai ƙafar ta ɗaga. Dalili kuwa, umurnin da ya kasa fitowa daga ciki ya shigo ta kunne, ya bi wata hanya ta ƙwaƙwalwa wadda cutar ba ta ɓata sosai ba.

Cikin 2001, a unguwar Buruklin ta birnin Niyok a Amurka, ƙungiyar 'yan rawa ta Mark Morris ta fara koya wa masu wannan cuta rawa. Sukan fara a zaune bisa kujera, kana su miƙe. Bayan 'yan shekaru kuma masu bincike a birnin St. Louis suka gwada wata rawa ta ƙasar Ajantina mai suna tango, wadda a cikinta ake riƙe juna, a yi gaba, a tsaya, a ja da baya, watau daidai abubuwan da ke gagarar mai cutar. Suka ga waɗanda suka lizimci rawar sun fi iya tsayawa bisa ƙafafunsu ba tangaɗi. Amma ka riƙe wannan da kyau: rawa ba ta kashe cutar, ba ta kuwa zama maimakon ƙwayar da likita ya bayar.

Wannan na jiki ke nan. Na zuciya ya riga shi. Cikin 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wata mai koyar da rawa, Marian Chace, ta fara aiki a asibitin masu taɓin hankali na St. Elizabeths a birnin Washinton. A zamanin nan ba a sami magungunan kwantar da hankali irin na yanzu ba tukuna, gama sai bayan 1950 suka fito. Cikin majinyatan akwai sojojin da abin da suka gani a fagen fama ya rikita su, akwai kuma waɗanda suka daina magana da kowa.

Mu kan ce in kiɗa ya sake, rawa sai ta sake. Ita matar nan sai ta juya maganar. Takan duba majinyaci tukuna, ta ga yadda yake motsi, sa'an nan ta yi irin motsinsa, ta zaɓi kiɗan da ya dace da halin da yake ciki. Mutumin da ya daɗe yana ganin ba mai gane shi, sai ya ga an amsa masa ba tare da an tilasta shi buɗe baki ba. Sannu a hankali ya shiga da'ira tare da sauran, wani ma daga nan bakinsa ke buɗewa. Aikin ya bunƙasa har aka kafa ƙungiyar masu magani da rawa ta Amurka cikin 1966, ita ce kuwa shugabarta ta fari.

Na san za ka ce, ina dattijo mai gemu ina rawa? Ba wanda ya ce ka fita dandali. Kunya abu ce mai kyau, amma kunyar da za ta zaunar da mahaifinka a ɗaki har ƙafafunsa su mutu ba ta yi masa rana ba. Tsakar gida ta isa, ƙwarya da tafin hannu kuma sun isa kiɗa.

Kadan kana da irin wannan majinyaci a gida, fara shawartar likitansa. In ya yarda, ka naɗe tabarma, ka kawar da duk abin da zai sa tuntuɓe. Ya fara a zaune, yana buga ƙafa daidai da tafinka. Kana ya miƙe kusa da bango, wani na riƙe da hannunsa. Kada ka hanzarta kiɗan, bi shi yadda ya iya. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. In ya ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya ƙi isarsa, a zaunar da shi nan da nan, a gaya wa likita.