Kirci Ba Ya Son Gaggawa

Ɗana, matso ka zauna, tun da an idar da Magariba kuma iska ta ɗan lafa. Jiya da mai ɗakinka ta kawo mini amaryata gaisuwa, na ga kumatun yarinyar sun yi kaushi, lanƙwasar hannunta da bayan gwiwarta sun yi duhu suna ɓarewa, tana ta susa tana kuka. Na dubi idon uwar, na san ta kwana biyu rabonta da barcin kirki. Kunyar ƴar fari ba za ta bar ka ka tambaye ni ba, shi ya sa na aika a kira ka.

Abin da na gani ya yi kama da kirci, wanda likitoci ke kira egzima. Ka kula da sunan nan, domin a ƙasar nan mutane da yawa idan sun ce egzima kyasbi suke nufi, alhali kyasbi da makero wata ƙwayar cuta ce ke kawo su, ƙazwa kuma ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke shiga fata, kowanne da maganinsa daban. Shi kirci ba a ɗaukarsa, saboda haka kada a ware mata tabarma ko a hana yara wasa da ita. Ba ƙazantar uwa ba ce, ba kuma bakin mutane ba ne. Yakan bi jini, musamman a gidan da ake da asma ko yawan atishawa, kuma ka san kakarka, Allah ya jiƙanta, da asma ta yi fama.

Ka ga randar can? Idan ta tsattsage, ruwan ciki ya riƙa tsatsowa, ƙurar waje kuma ta samu hanya. Haka fatar mai kirci take, ba ta riƙe laima. Mu kuwa nan Kafin Hausa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke busar da har leɓen babba, balle fatar jariri, da bazara ta shigo kuma zufa ta karɓi aikin. Saboda haka maganin farko shi ne a toshe tsagar nan da mai, kullum, ba fashi.

A yi mata wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, kada ya wuce minti 5 zuwa 10. A ajiye soso, a rage sabulu, a guji mai ƙamshi, har sabulun salo da muke yabo yana iya busar da irin wannan fata. Idan an fito da ita a dangwala tawul a hankali, ban da gurzawa, sannan kafin minti 3, tun jikin na da danshi, a shafe ta da man kaɗanya tsantsa ko basilin fari marar turare. A maimaita aƙalla sau 2 a rana, ko da fatar ta yi kyau, domin ranar da aka ga sauƙi aka saki, ranar yake shirin dawowa. A sa mata tufafin auduga, rigar sanyi ta ulu kada ta taɓa fata sai da wata a ƙasa, a ɗauraye omo sosai daga kayanta, a nisanta ta da hayaƙin turaren wuta da na murhu. A yanke mata farce, domin susa ke kawo ƙaiƙayi, ƙaiƙayi ya kawo susa, har fata ta tsage. Idan ya taso mata da dare, tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan randa, a ɗora a wurin, yana kwantar da shi.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. Kowa ya ga yarinyar zai ba ku magani, kuma da kyakkyawar niyya. Wani zai ce lemon tsami, wani toka ko tafarnuwa, na ma taɓa jin mai cewa man birki. Ka yi musu godiya, amma kada ka sa wa ɗanyar fata abin da zai ƙone ta. Haka man nan na kemis mai haɗi uku da ake sayarwa ba takardar likita, wanda kwana biyu sai ka ga fata ta yi sumul. Akwai sinadari mai ƙarfi a cikinsa, idan aka daɗe ana shafa wa yaro yana sirantar da fata, ya ɗashe ta, ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo da fushi. Ni na yi wannan kuskuren a kan ƙaninka shekarun baya, sauri ya haifi nawa, har yau ina jin nauyin abin. Kada kuma a hana uwar ko yarinyar madara da ƙwai a kan zato kawai, a haɗa mata ciwo da yunwa.

Ban ce ka guji asibiti ba. Ka kai ta Babban Asibitin Kafin Hausa a duba a tabbatar. Sukan ba da mai marar ƙarfi irin haidirokotison, a shafa kaɗan na ƴan kwanaki yadda suka tsara, kuma a hannun masani yana da amfani. Idan ya ƙi ji za su tura ku Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Malam Aminu Kano inda likitocin fata suke. Amma ranar da ka ga wurin yana ruwa ko mugunya, ko ƙuraje sun feso gaba ɗaya da zazzaɓi, kada ka bari a kwana.

Yara da yawa suna samun sauƙi idan sun tasa, tabon ma yakan baje da watanni. Kafin nan, ɗana, ka taya matarka. Idan ta gaji da dare ka karɓi yarinyar ka shafa mata man da hannunka, ba abin kunya ba ne, kuma kada ka ɗora wa uwar laifi idan ciwon ya dawo, domin halinsa ke nan. Tashi ka je, ga kwanon man kaɗanya nan gwaggonka ta ajiye muku. Allah ya ba amaryata lafiya, ya yi muku albarka.