Darasi: Aikin mai karɓar kiran gaggawa, da yadda za mu taimake shi ya taimake mu

A ce tsakar dare ne a cikin damina. Wata mata ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Asibiti yana da nisa, hanya ta lalace, mijinta kuwa yana riƙe da waya hannunsa na rawa. Wa zai kira? Idan an ɗauka, me zai fara faɗa? Zub da jini mai yawa bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2 idan ba a taimaka mata ba. Saboda haka kowane minti da ya wuce cikin ruɗewa, an rage shi ne daga ranta.

A wannan darasi za mu duba aikin mutumin da yake ɗaukar irin wannan kira. Za mu ga abin da ake koya wa sabon ma'aikaci, da nauyin da yake ɗauka, da abin da ya rataya a wuyanmu mu masu kira. Ana iya karanta darasin a taron matasa, ko na zumunta mata, ko na kwamitin lafiya na ƙauye.

Yadda aikin ya soma

A shekara ta 1935 gobara ta tashi a wani gida a birnin Landan, mata 5 suka mutu. Wani maƙwabci ya yi ƙoƙarin kiran 'yan kwana-kwana, amma a ofishin waya aka bar shi yana jiran layi kamar kowa. Ya rubuta wa jarida kukansa, gwamnati ta bincika, a shekara ta 1937 kuwa aka buɗe lamba 999 a Landan. Ita ce lambar gaggawa ta farko a duniya. Amurka ta bi baya da lamba 911 a 1968, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka amince da 112 a 1991.

A Amurka, yawancin masu karɓar waɗannan kira ma'aikatan ƙananan hukumomi ne da hukumomin birane. Ana ƙiyasta cewa suna karɓar kira kusan miliyan 240 a shekara. Ma'aunin da ake auna su da shi shi ne, a ɗauki kira 90 cikin kowane 100 kafin daƙiƙa 15 ta cika.

A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ita ta gina cibiyoyin kiran gaggawa a jihohi da dama da Abuja. Lambarsu 112 ce, kyauta ce, ko babu kati a waya ana iya kira. Wanda ya ɗauka yakan miƙa saƙon ga hukumar da ta dace: 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, jami'an kiyaye haɗurra, Sibil Difens, motar asibiti, ko hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha. Hukumar kiyaye haɗurra tana da tata lambar, 122. A Jamhuriyar Nijar kuwa, 17 ta 'yan sanda ce, 18 ta 'yan kwana-kwana.

Sabon ma'aikaci

Wannan aiki ba ya neman babban digiri tun farko. A Amurka takardar kammala sakandare ta isa a nema. Amma akan gwada mai nema ta hanyoyi da yawa: saurin bugun rubutu a kwamfuta, iya sauraro da rubutu a lokaci ɗaya, riƙe lambobi da sunayen wurare a ka, da kuma binciken halinsa, domin asiran mutane za su riƙa shiga kunnensa.

Idan an ɗauke shi, ba a sake masa waya nan da nan. Yakan yi makonni a aji yana koyon taswirar yankin, da sunayen hanyoyi da gadoji da kasuwanni, da yadda ake magana da ma'aikatan da ke fili ta oba-oba, da taimakon farko. Bayan haka ya zauna kusa da tsohon ma'aikaci yana sauraro kurum. Daga nan sai ya soma ɗauka, tsohon yana ji, yana shirye ya karɓe idan abin ya rikice. Wannan yakan ɗauki watanni kafin a bar shi shi kaɗai.

Ga manyan abubuwa guda huɗu da yake koyo:

- Ya riƙe muryarsa. Idan mai kira yana ihu, shi ba ya ɗaga murya. Yakan maimaita magana guda a hankali, ya haɗa da dalili: "Baba, gaya mini sunan ƙauyen, domin in turo mota." Mutumin da ya ruɗe yakan dawo cikin hankalinsa idan an ba shi ƙaramin aiki guda da zai yi.
- Ya bi tambayoyi bisa jeri. An rubuta su tun da wuri, don kada tausayi ko tsoro su sa ya tsallake abin da ya fi muhimmanci.
- Ya rarrabe kira. Idan kira uku suka shigo, mota kuwa ɗaya ce, wanda ba ya numfashi yana gaba da wanda ya karye a hannu, ko da na biyun ya fi ihu, ko da babban mutum ne.
- Ya rubuta kome: lokacin kira, lokacin da aka tura taimako, lokacin da ya isa. Da wannan rubutu ne ake gane inda aka yi jinkiri, a gyara.

Me ya sa "ina kake?" ta zo farko?

Mutane da yawa sukan ji haushi idan sun soma ba da labari aka katse su da tambayar wuri. Dalilin mai sauƙi ne. Waya tana iya yankewa, caji ya ƙare, ko sabis ya ɗauke. Idan ma'aikaci ya san abin da ya faru amma bai san wurin ba, ba abin da zai iya yi. Idan kuwa ya san wurin, ko bai ji sauran ba, zai iya tura wani ya duba.

A ƙauyukanmu wannan ya fi wuya, don gidaje ba su da lamba, hanyoyi ba su da suna. Sunaye kamar Sabon Gari, Tudun Wada, Sabon Layi da Unguwar Mishan suna nan a ƙananan hukumomi da yawa. Mai ɗaukar kiran yana zaune ne a babban birnin jiha, mai yiwuwa bai taɓa taka ƙauyenmu ba. "Kusa da gidan mai unguwa" ba ta gaya masa kome. Abin da yake bukata shi ne ƙaramar hukuma, gunduma, sunan ƙauye, babbar hanyar da ake biyowa, inda ake ratsewa, da wata alama da baƙo zai gani, kamar makarantar firamare, majami'a, masallaci, gada ko tankin ruwa.

Bayan wuri sai lambar mai kira, sa'an nan abin da ya faru, da yawan waɗanda abin ya shafa. Daga nan sai tambayoyi biyu masu nauyi: yana cikin hayyacinsa? Yana numfashi?

Taimako kafin taimako ya iso

Ma'aikacin da aka horar ba tura mota kaɗai yake yi ba. Yakan mai da hannuwan mai kira su zama nasa. Ga irin abin da zai iya faɗa, yana da kyau kowa ya san su tun yanzu:

- Babban mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata: a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Ƙwaƙwalwa takan soma lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 idan jini bai kai mata iska ba.
- Rauni mai zub da jini: a danne wurin da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kada a zuba ƙasa, toka ko kashin shanu.
- Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa manja, ƙwai, man goge baki ko baƙin mai.
- Saran maciji: kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji, irin na Kaltungo a Jihar Gombe. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana iya zama kamar lafiya lau da farko alhali yana zub da jini ta ciki.
- Haɗarin mota: kada a fizgo wanda ya bugu a wuya ko baya, sai dai idan wuta ko ruwa za su cim masa.

Nauyin da ba a gani

Cibiyar ba ta rufewa. Ana aikin karɓa-karɓa na awa 8 zuwa 12, dare da rana, har ranar Kirsimati da ranar Salla. Ma'aikaci yakan ji kukan uwa a kan ɗanta, ya ajiye waya, wani kiran ya shigo kafin ya share fuska. Sau da yawa ba ya sanin yadda abin ya ƙare. Wani lokaci ya yi nasa daidai, amma mota ta makara saboda nisa ko lalacewar hanya, shi ne kuwa zai sha zagi. Waɗannan abubuwa sukan taru su hana barci, su kawo saurin fushi a gida.

Idan akwai ɗanku ko 'yarku a wannan aiki, ku bar shi ya yi barci da rana ba tare da an kira shi malalaci ba. Kada ku matsa masa ya gaya muku wane ne ya kira ko me ya faru a gidan wane, gama amana ce. Amma ku ba shi kunne idan yana so ya faɗi yadda zuciyarsa take. Matasan da suke jin Hausa da Turanci da yaren gida, masu haƙuri da riƙon asiri, suna da abin da wannan aiki yake nema.

Namu aikin

- Kada mu kira lambar gaggawa don wasa ko gwaji, mu kuma hana yara. Kiran ƙarya yana tare layi, yana iya tura mota gabas alhali mai mutuwa yana yamma.
- Wanda yake kusa da marar lafiyan shi ya kira, ba wanda ya ji labari ba.
- Mu amsa abin da aka tambaye mu a taƙaice. Kada mu ƙara gishiri don a zo da sauri, kada kuma mu ɓoye.
- Kada mu kashe waya sai an ce mu kashe. Bayan haka mu bar layin a buɗe, za a iya sake kira.
- Mu tura mutum da tocila ya tsaya a mararraba ya tari masu zuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Gaskiya ita ce, ƙauyuka da yawa suna nesa da motar asibiti. Don haka kiran 112 kaɗai bai isa shiri ba. Kowane ƙauye zai iya zaɓen mutum biyu ko uku, mace da namiji, su zama masu karɓar kira na gida, suna karɓa-karɓa. Wayarsu ta kasance da caji da kati kullum. Su riƙe littafi mai lambobin ma'aikacin lafiya, ungozoma, ofishin 'yan sanda mafi kusa, da direbobi da masu babur da suka yarda a tashe su da dare. A jihohi kamar Adamawa da Gombe an yi shiri da direbobin ƙungiyar NURTW, suka riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Ku tambayi shugaban tasharku ko za a iya yin irin wannan yarjejeniya. A kuma buɗe ɗan asusu na kuɗin mai, don kada a tsaya ciniki jini na zuba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ku tuna wani abin gaggawa da ya faru a ƙauyenku. Minti nawa ko awa nawa aka yi kafin taimako ya samu? A ina aka fi ɓata lokaci?
2. A wane wuri ne sabis ya fi kamawa a ƙauyenku? Kowa ya san wurin?
3. Idan maigida ba ya nan, wa yake da izinin cewa a kai mace ko yaro asibiti? Kun daidaita wannan a gidajenku?
4. Su wane ne a cikinku jama'a suka amince da riƙon asirinsu, har za su iya zama masu karɓar kira?

Abin da za mu yi a wannan mako

Ku zauna tare ku rubuta kwatancen ƙauyenku cikin jimla uku, yadda baƙo daga babban birnin jiha zai iso ba tare da tambaya ba. Ku manna shi da lambobin gaggawa a ƙofar majami'a, da makaranta, da ɗakin shan magani. Sa'an nan mutum biyu su zauna baya da baya, ɗaya mai kira, ɗaya mai ɗauka, su gwada labarin matar da muka fara da ita. Sauran su duba agogo. Ku maimaita har sai an iya ba da wuri, da lamba, da abin da ya faru, kafin minti ɗaya ya cika.